An ɗaga gadon tiyata, awon jini ya tashi daga 6 zuwa 12: me ya faru?

'Yar Misfala (Jidda) ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida manyanmu na wannan zaure, musamman likitoci da ma'aikatan jinya. Ni ma'aikaciyar sashen sa barci ce, abin da a nan ake ce wa fanniyar takhdir, a wani asibiti a Jidda. Wata biyar ke nan da aka mayar da ni ɗakin da ake manyan ayyukan ciki. Abin da ya kawo ni ranar Talatar da ta wuce ya faru, kuma har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini.

Wani dattijo aka kawo, ya haura sittin, za a cire masa ɓangaren dama na hanta saboda ƙari. Tun kafin ƙarfe bakwai na haɗa kayana. Aka sa masa siririn tiyo a jijiyar wuyan hannu don a riƙa ganin bugun jininsa kai tsaye. Aka sa wani a babbar jijiyar wuya, wanda bakinsa ke tsayawa dab da zuciya, don awon matsin jinin da ke komawa cikinta, wanda muke kira CVP. Layukan biyu suna ƙarewa ne a kan 'yan na'urorin nan da ba su fi kwalin ashana ba, wato tiransidusa, masu mayar da matsin jini ya zama lamba a allo. Ni na maƙala su a jikin ƙarfen rataye ruwa, na daidaita su da tsakiyar ƙirjinsa, na saita musu sifili da hannuna, wato inda za su fara ƙirga. Allo ya nuna CVP 6. Lafiya lau.

Likitan fiɗar dogo ne, irin waɗanda sai sun ɗan rusuna a bakin ƙofa. Da ya buɗe ciki sai ya ce a ɗaga masa gadon, sannan a karkata shi, kai ya yi sama ƙafafu su yi ƙasa. Aka danna. Ban gama jera allurai ba na ɗaga ido na ga 12. Ba mu ƙara ruwa ba, ba mu ba da wani magani ba. Ƙaramin likitan da ke tare da ni ya ce ruwa ya yi wa mutumin yawa, in zuƙo maganin sa fitsari. Na zuƙo, har na miƙa masa sirinjin. Sai ga babbar likitarmu ta shigo. Ko allon ba ta kalla ba. Ta dubi gado, ta dubi ƙarfen ruwa, ta sa hannu ta kwance maƙalin ta tura shi sama har ya zo daidai ƙirjin dattijon. Lamba ta sauko 3. Ta karɓi sirinjin ta ajiye a kan tire, ta ci gaba da abin da ya kawo ta. Da ma faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na gane cewa 12 ɗin ƙarya ce, kuma sakacina ne. Abin da ban gane ba shi ne, me ya sa bayan gyara ba ta koma 6 ba, sai 3? Kuma da aka shaida wa likitan fiɗar cewa yanzu 3 ce, cewa ya yi shi dai bai ga wani sauƙi ba, jini na tsattsafowa kamar yadda yake yi tun farko. To ina amfanin saukar? Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai: a ɗaki na gaba akwai likitan da shi in zai yi irin wannan aikin, kan mara lafiya yake so a ƙasa. Aiki ɗaya, asibiti ɗaya, wannan ya ce sama, wancan ya ce ƙasa. Na ji nauyin tambayar babbar likitar, shi ya sa na kawo nan. A taimaka mini da Hausa, don na karanta da Turanci da Larabci duk kaina bai ɗauka ba.

Baba Dakta (Madina) ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki. Duk wanda ya daɗe yana tsayawa a wajen kan mara lafiya ya taɓa yin wannan. Ni ma na yi, kuma nawa ya fi naki muni, domin ni ba wanda ya shigo ya karɓe sirinjin.

Kin taɓa ganin magina suna daidaita gini da dogon tiyo mai ruwa a ciki? Wannan ya riƙe baki ɗaya, wancan ya riƙe ɗayan, ruwan ya tsaya daidai wa daida. Layin da kika haɗa daga wuyan dattijon zuwa tiransidusa irinsa ne sak, tiyo ne cike da ruwa. Na'urar ba ta san inda zuciya take ba. Abin da ta sani kawai shi ne nauyin da ke danna ta. In zuciya ta hau ta bar ta a ƙasa, ruwan da ke tsakaninsu zai zauna mata a ka, ita kuma ta haɗa nauyinsa da matsin jinin ta ba ki jimla. Milimita ɗaya na zaiba, wanda allo ke ƙirgawa da shi, daidai yake da santimita 1.36 na ruwa. Ke nan kowane santimita 10 na tazara yana kawo kuskuren kusan 7 da rabi. Ke kin ga 12 alhali gaskiyar 3 ce. Tara ke nan a tsakani, wato ƙirjinsa ya hau da kamar santimita 12. Bai kai tsawon biron da ke aljihunki ba.

Ki lura kuma, awon wuyan hannun ma ya yi ƙaryar tara ɗin nan, tunda a maƙali ɗaya suke. Amma tara a kan 110 wa zai kula? Tara a kan 3 kuwa ta ninka lambar sau huɗu. Shi ya sa wannan awon bai yafe sakaci.

Sifili daban, daidaitawa daban, kuma nan ne yara da yawa ke tuntuɓe. Sifili shi ne ki buɗe na'urar ga iskar ɗaki ki ce mata daga nan za ta fara ƙirga. Wannan ba ya lalacewa don an motsa gado. Daidaitawa ita ce ki ajiye ta a tsayin zuciya, tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, a kan layin da ya sauko daga tsakiyar hammata. Wannan kuwa duk sanda yatsan wani ya taɓa madannin gado, ta warware.

Me ya sa ma muke damuwa da lambar nan a aikin hanta? Hanta tana shan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa, kimanin lita ɗaya da rabi a minti. Ƙofar shigarsa biyu ce: babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji da saifa, ita ke kawo kusan uku cikin huɗu, sai jijiya mai bugu da ke kawo ragowar. Waɗannan likitan fiɗa na iya matse su a wuri ɗaya, dabarar da Pringle, wani likita a Gilasgo, ya bayyana tun 1908. Yawanci a matse minti 15, a saki minti 5. Amma ƙofar fita fa? Manyan jijiyoyi uku ne ke zubawa cikin uwar jijiyar da ke wucewa ta bayan hanta zuwa zuciya, kuma ba su da murfin da ke hana jini dawowa. Ko an toshe gaba, jini zai biyo ta baya. In uwar jijiyar ta cika tam, wurin yankan zai yi ta zuba. In ta yi laushi, sai zubar ta ragu. A 1998 wasu likitoci a Ostireliya sun buga abin da suka gani: waɗanda matsinsu bai wuce santimita 5 na ruwa ba, jinin da suka zubar a tsaka-tsaki kamar mililita 200 ne, waɗanda ya wuce haka kuma kamar lita guda. Daga irin wannan ne aka saba da tsuke ruwa har sai an gama yanka.

Yanzu ga 3 ɗinki. Ita gaskiya ce. Da aka ɗaga kai, jini ya gangara ya taru a ƙafafu da ƙasan ciki, ga maganin barci ya saki jijiyoyi ba sa iya matsawa su mayar da shi. Abin da ke isa zuciya ya ragu, awo ya sauka. To amma a ina kika auna? A bakin zuciya. Wuƙar kuma a ina take? A hanta, wadda yanzu ta koma ƙasa da zuciya. Wancan lissafin ruwan da ya yaudare ki a cikin tiyo, shi ne dai ke aiki a cikin jijiyar mutum. Ki tuna sikelin mai nama: wannan faranti ya hau, wancan ya sauka, tsakiyar tana nan inda take. A jikin mutum, wurin da matsin jijiyoyin nan bai cika canjawa ba in an karkata shi yana kusa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma hanta a ƙarƙashinsa take kwance. Wasu likitoci a Gotenbag ta ƙasar Suwidin sun gwada wannan a 2011. Suka sa ma'auni a cikin jijiyoyin hantar kanta ana tsakiyar aiki, suka karkata gado sama da ƙasa. CVP ta yi ta hawa da sauka, matsin cikin jijiyar hanta kuwa da ƙyar ya motsa. Ke nan dogon likitanki bai yi gardamar banza ba. Allon ya faɗi gaskiyar wuri ɗaya, idonsa ya faɗi ta wani wurin.

Batun sama ko ƙasa, bari masu wuƙa su fara magana, na san ba za su bar ni ba.

Ɗan Hindawiyya (Riyad) ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ban ƙi ko ɗaya daga lissafinka ba, amma zan kare mutanena likitocin fiɗa. Yawancinmu in mun ce a ɗaga kai, ba lambarku muke nema ba. Gani muke nema. Hanji ya zame ƙasa ya ba mu wuri, hanta ta ɗan sauko daga ƙarƙashin haƙarƙari. In lambar ta sauka, riba ce a kan uwar kuɗi. Kuma zan faɗi ra'ayina ko da Suwidawa ba su yarda ba: a hannuna, na fi samun wuri a bushe in kai na sama kuma an tsuke ruwa. Ko karkatawar ce, ko tsukewar ce, ko don ina ganin jijiyar tun kafin in yanke ta, wannan na bar wa masu bincike.

Ƙanwata, abin da kika gani somin taɓi ne. Jira ranar da za a sa ki a aikin minzar, wanda ake yi da kyamara ta ƙananan huji. A nan mara lafiya ƙafafunsa a ware suke, likita na tsaye a tsakaninsu, kai a sama sosai. Hanta kashi takwas ce a tsarin da Bafaranshen nan Couinaud ya zana a shekarun 1950, kuma in ƙarin yana kashi na 6 ko na 7, can baya ta dama, sai mun mirgina mutum ya kwanta a gefen hagu ko kusa da haka. Alamar da kika yi a hammata ta tashi daga aiki ke nan, don zuciyar ba ta tsayin wannan layin kuma. Sannan mu hura iskar kabon a ciki har matsinta ya kai wajen milimita 12 na zaiba. Iskar ta tura tantanin sama, ƙirji ya matsu, CVP ta hau, alhali jinin da ke komawa zuciya bai ƙaru ba, wataƙila ma raguwa ya yi. Wanda ya bi lambar ya ba da maganin fitsari a nan, ya ƙara wa mara lafiya wahala.

Ga wani abin da ba gado ke jawo shi ba, mu ne. In muka kwance hanta daga maɗaurinta muka juyo ta, uwar jijiyar da ke bayanta takan lanƙwashe kamar tiyon ban ruwa da aka taka. Nan take bugun jini zai faɗi. Maganin ba lita guda ta ruwa ba ce. A ce mini in saki, in saki, cikin daƙiƙu ya dawo. Sau da yawa mu ne ba ma faɗa kafin mu juya, wannan laifinmu ne.

Shi kuma na ɗakin gaba da ke son kai a ƙasa, ba shi kaɗai ba ne. Wani babban asibitin cutar daji a birnin New York ya yi suna da wannan salon, su tsuke ruwa amma su sauke kai digiri 15. Hujjarsu ita ce jini ya ci gaba da komawa zuciya don ƙoda kada ta ji jiki, kuma a rage haɗarin iska. Domin jijiyar da ta yi laushi ƙwarai, in ta huje, ba jini kawai take fitarwa ba, tana iya zuƙar iska zuwa zuciya. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba zubar jini ba. Ni kafin in tambayi lamba, sai na sa yatsa a kan uwar jijiyar. In tana lotsawa tana kaɗawa tare da numfashi, na san inda nake.

Yayar Maiurno (Gadarif) ta amsa:

Salamu alaikum 'yan uwa na Hijaz. Ƙanwata, labarinki ya sa ni dariya, ba don raini ba. Ke na'ura ce ta ɓoye miki ruwan. Mu nan da idonmu muke ganin sa, don haka da wuya ya yaudare mu ta wannan hanyar.

Na fara aikin jinya a Wad Madani ta ƙasar Sudan, na baro ta a Disambar 2023 saboda yaƙi kamar yadda dubban mutane suka baro, yanzu ina Gadarif. Inda na koyi aiki, awon nan da ma'aunin ruwa muke yi. Siririn tiyo a tsaye, a manne da ma'auni mai santimita a jikin ƙarfen ruwa, da ɗan famfo mai baki uku. Ki cika tiyon daga ledar ruwa, ki juya famfon zuwa mara lafiya, ki zuba ido ruwan na sauka a hankali har ya tsaya yana ɗan rawa da numfashi. Inda ya tsaya, shi ne awonki. Kafin wannan kuwa dole ki miƙa sanda daga hammatarsa zuwa sifilin ma'aunin, kuma tsohuwar sistar da ta koya mini har ƙaramin ma'aunin kafintoci mai ƙwayar iska take ajiyewa a aljihu don sandar ta miƙe. In an taɓa gado, ki sake miƙa sanda. Ba ya buƙatar wuta, wanda a halin da muke ciki ba ƙaramin abu ba ne.

Mu da muka taso a bakin kogin Shuɗin Nilu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar, ruwan noman rani na yankin Jazira ba inji ke tura shi gonaki ba, gangara ce kawai, daga babbar tur'a, wato hanyar ruwa, zuwa ƙarama har zuwa 'yar ƙaramar da ke kai shi gonaki, wadda ake kira Abu Ishirin. Kowane manomi ya san taƙi ɗaya na tudu ya isa ya hana gonarsa sha.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Ma'auninmu santimita na ruwa ne, naku milimita na zaiba. Biyar ɗinku kusan bakwai ce a wurinmu. Na taɓa ganin an yi musu mai zafi tsakanin likitan da ya dawo daga waje da wanda ya koya a gida, wannan na cewa biyar, wancan na cewa biyar, kowa da abin da yake nufi. In an ce miki lamba, ki tambaya ta me.

Ɗan Hindawiyya, ka ce iska ce ke hana ka barci. Mu kuwa rashin jinin da za a ƙara wa mara lafiya ne ke hana mu. Leda ɗaya sai an tara dangi an yi ta kiran waya. Ga kuma marasa lafiyarmu, da yawa bilharziya, cutar tsutsar ruwa, ta riga ta taurara musu hanyoyin jinin hanta tun suna yara suna wanka a tur'a, saifa ta kumbura, jijiyoyin ciki sun cika. Irin wannan ko CVP ɗinsa ta yi ƙasa, matsin da ke gaban hanta yana nan da ƙarfinsa, kuma allon ba zai gaya miki ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Direban Aziziyya (Makka) ya amsa:

Amin Yaya. Ku yi haƙuri da shigowata, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, tasi nake ja. Ƙanena ne zai ba mahaifiyarmu wani ɓangare na hantarsa, ana kan yi musu gwaje-gwaje a Riyad. Na shigo neman abin da zai kwantar mini da hankali, sai ga shi na karanta ana juya mutum sama da ƙasa, ana hana shi ruwa, iska na shiga zuciya. Wallahi jikina ya yi sanyi. Baba Dakta, don Allah, mutum ba zai zamo daga kan gadon ba? Kuma hana ruwan nan ba zai taɓa masa ƙoda ba? Yaron ko aure bai yi ba.

Baba Dakta (Madina) ya amsa:

Malam direba, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa yaron da alheri. Hirar ma'aikata ka tarar, kamar fasinja ya ji makanikai na lissafa abin da ke iya lalacewa a mota. Karkatawar 'yar kaɗan ce, kuma a ɗaure mutum yake, da matashi a duk inda ƙashi ke taɓa gado, hannuwansa ma ba a buɗe su fiye da kima don kada jijiyar kafaɗa ta ja. Ruwan ba hana shi ake yi ba, jinkirta shi ake yi. Ana kallon fitsarinsa sa'a bayan sa'a, kuma da zarar an gama yanka ake mayar masa da abin da aka riƙe. Mai bayarwa sai an tabbatar lafiyayye ne kafin a karɓe shi, hanta kuma tana sake tohowa, cikin 'yan watanni ta dawo kusa da girmanta. In ya farka ya ce kafaɗarsa ta dama na ciwo, yawanci daga tantanin da ke saman hanta ne, amma ku faɗa wa masu jinya. Aiki ne babba, ba zan ce maka babu haɗari ba. Ku rubuta tambayoyinku a takarda ku kai wa likitan sa barcin da zai gan shi kafin ranar.

Ɗan Hindawiyya, yatsanka na da gaskiya, amma ni ba na ganin abin da yatsanka ke ji, sai ka faɗa. Iskar da kake tsoro kuma mu muke fara ganin ta: iskar kabon da mutum ke fitarwa a numfashi sai ta faɗi kwatsam a allo. 'Yata, wannan layin ki riƙa kallon sa fiye da CVP a lokacin yanka. Yanzu da yawa sun koma duba yadda bugun jini ke hawa da sauka tare da numfashin inji. In bambancin ya haura kamar kashi 13 cikin ɗari, alama ce jijiyoyi ba su cika ba. Shi wannan bai damu da tsayin maƙali ba, amma yana son inji ne ke numfashin gaba ɗaya kuma zuciya na bugawa a kan tsari, sannan iskar minzar da karkata gado suna taɓa shi shi ma. Wani abu kuma: in kai ya yi sama sosai, ƙwaƙwalwa ta fi zuciya tsayi, jinin da ke isa can bai kai abin da allo ke nunawa ba. Ga dattijo mai hawan jini, ki auna tazarar daga ƙirji zuwa kunne ki cire.

'Yar Misfala (Jidda) ta amsa:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Dakta, na gode Yaya. Malam direba, Allah ya sa a yi a sa'a.

Jiya an sake kawo irin aikin, wata mata ce wannan karon, kuma dogon likitan ne dai. Kafin a rufe ta da zannuwa na sa alƙalami na yi ɗigo a gefen ƙirjinta. Na tambayi babbar likitar ko zan iya ɗaure maƙalin a jikin ƙarfen gadon maimakon na ruwa. Ta ce to, amma in sani wannan hawa da saukar gado kawai zai magance, in an karkata sai na sake dubawa, tunda maƙalin da ƙirjin ba wuri ɗaya suke a tsawon gadon ba. Haka kuwa aka yi. An motsa gadon sau huɗu, sau huɗu na durƙusa na leƙa ƙarƙashin zani ina neman ɗigona. Na ɗauko dogon ma'aunin ɗinkin mahaifiyata na katako don miƙawa, Yaya, sandarki ke nan.

Ana cikin yanka sai bugun jini ya faɗi daga 105 zuwa 70 da wani abu. Ƙaramin likitan ya kai hannu kan ledar ruwa. Ni kuma na leƙa ta saman labule na ga hannun likitan fiɗar duka biyu a ƙarƙashin hanta. Muryata na rawa na ce, Dakta, ko an juya hantar ne? Ya ɗago ya dube ni, ya sassauta, lamba ta fara hawa. Bai ce komai ba sai can wajen rufewa, ya tambayi sista sunana.

Yaya, ma'aunin kafintocin nan, ƙarami nawa ne tsawonsa? Ina so in leƙa tsohuwar kasuwar Balad ta nan Jidda ranar Asabar in nema.